Funtuwa: Garin da auduga ta haifa, jirgin ƙasa ya raina

Gari kamar mutum ne, yana da hali, kuma halin nan daga tarihinsa yake samo shi. Idan aka ambaci Katsina, abin da ke zuwa a rai shi ne ilimi da kunya. Idan aka ce Kano, sai a tuna fatauci. Zariya kuwa karatu, na zaure da na boko. To idan aka ce Funtuwa fa? Mafi yawan mutanen da na yi wa wannan tambaya, amsarsu ba ta wuce cewa nan ne inda ake tsayawa a ci abinci a sha mai, in za a Gusau ko Sakkwato. Har cikin ɗaliban da aka haifa a Jabiri ko Maƙera ko Tudun Wada, kaɗan ne za su iya gaya maka dalilin da ya sa aka yi babban gari a wannan wuri. Wannan ne ya sa na keɓe filinmu na wannan mako domin Funtuwa, saboda garin yana kan wata mararraba a yau, kuma wanda bai san abin da ya tara mutane a garinsu ba, da wuya ya san abin da zai hana su watsewa.

Mu fara da ƙasar kanta. Kudancin Katsina shi ne yankin da masana tarihi ke kira Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce, mai riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa. Damina ta fi tsawo a nan, kuma daga tuddan da ke kusa da Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya samo tushe kafin ya nausa yamma. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna muhimmancin garuruwan wannan yanki, irin su Maska da Gozaki, tun kafin jihadi. Arzikinsu auduga ne. Amma a lura da yadda ake sarrafa ta a wancan zamani: manomi ya noma, mata su gurje ta su shiɓe su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya tura a karofi, mabugi ya buga, maɗinki ya ɗinka, sannan fatake su ɗauka su kai inda ake so. Kafin ƙullin auduga ɗaya ya bar ƙasar Maska, hannu shida ko bakwai sun ci abinci a jikinsa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin za mu sake bukatarsa.

A wancan lokaci Maska ce uwa, Funtuwa kuwa ƙaramin wuri ce a gindin dutse. Abin da ya juya al'amarin daga nesa ya taso. Masaƙun Lankasha a Ingila sun dogara ne da audugar Amurka, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da auduga ta yanke musu, ma'aikata suka shiga yunwa. Don kada a maimaita, a 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wato BCGA, a birnin Manchesta, aka ɗora mata neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Idonsu ya faɗa kan Arewacin Nijeriya. Fatan samun auduga na cikin manyan dalilan da suka sa aka ja layin dogo har Kano, inda ya isa a 1911. Sai dai Kanawa sun ba su mamaki. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, sai jirgin da aka kawo don auduga ya koma jigilar gyaɗa.

Da Kano ta ƙi, sai Turawa suka mai da hankali ga ƙasar laka da ke tsakanin Zariya da kudancin Katsina da Gusau. Suka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, mai dogon gashi, wadda injinan Lankasha suka fi so. Aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, a ƙasar Faskari ta yau. Ana raba iri kyauta ta hannun hakimai da dagatai, ana kuma sayen amfanin a fulotan da hukuma ta ware, inda malamin auduga zai duba ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. Aka kakkafa injinan gurza, ciki har da na Funtuwa da na Malumfashi. Sannan aka ja reshen layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. A farkon zamanin Turawan ne kuma mazaunin Sarkin Maska ya dawo Funtuwa, shi ya sa har gobe hakimin Funtuwa yake riƙe da sarautar Sarkin Maska. 'Ya ta girma ta ɗauke uwa ta dawo da ita ɗakinta. Sunan BCGA ma bai ɓace ba, ya zama sunan unguwa, bakin jama'a ya lanƙwasa shi ya koma Bisije.

A nan ne halin garin ya samo asali. Funtuwa ba ta cikin biranen da suka girma a bayan ganuwa, inda ake rufe ƙofa da magariba, a tambayi baƙo daga ina, wurin wa ya zo. Tasha da sikeli ne suka tara mutanenta. Injin gurza na neman leburori, jirgi na neman ma'aikata, kamfanonin Turawa na neman akawu da dillalai. Sai ga Katsinawa da Zagezagi da Kanawa da Zamfarawa, ga Yarbawa da Ibo da Nufawa, kowa da abin da ya kawo shi. A irin wannan gari, tambayar da ake yi wa mutum ita ce me ka iya, me ka kawo, nawa ne. Asali yana da daraja, amma ba shi ke ba mutum rumfa a kasuwa ba. Wannan ya sa mutumin Funtuwa ya tashi da buɗaɗɗen ido da saurin lissafi, ba ya tsoron baƙo, ba ya kuma jin nauyin faɗin farashi. Wasu na ganin haka a matsayin rashin kara. Ni kuwa ina ganin tarbiyyar sikeli ce: abin da ya hau, shi za a faɗa.

Da hanyoyin mota suka zo, sai suka ƙara wa garin wannan hali. Titin Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta cikinsa ya bi. Wani ya tashi ta Bakori da Malumfashi ya nufi 'Yashe, inda ake rabuwa zuwa Katsina ko Kano. Wani kuma ya yi kudu maso yamma ta Ɗandume zuwa Birnin Gwari, hanyar da manyan motoci ke bi su gangara Kudu. Gari mai irin wannan mahaɗa dole ya haifi direbobi da makanikai da masu motocin sufuri da 'yan kamasho, kuma ya haife su da yawa. Ba abin mamaki ba ne da Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya zaɓi Funtuwa ta zama mazauninsa na shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999. Mawaƙin da ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da manoma waƙa kamar yadda ya yi wa sarakuna, a irin wannan gari ne zai sami iskar da ta dace da shi.

Kwatanta ta da Malumfashi yana ƙara fito da hoton. Tafiyar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, ƙasarsu iri ɗaya, audugarsu ɗaya, kowace da injin gurzarta. Amma Malumfashi mazaunin Galadiman Katsina ce, ɗaya daga manyan 'yan majalisar Sarki, kuma garin ya ɗauki natsuwa irin ta gidan sarauta. Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa daga 1978 zuwa 1992 kafin ya zauna a kujerar Galadima, shi ne irin mutumin da ake tunawa in an ambaci Malumfashi. In an ambaci Funtuwa kuwa, sai a tuna irin su marigayi Malam Isma'ila Isa Funtuwa, ɗan kasuwa, ɗan kwangila, mai gidan jarida. Ɗaya ta gaji rawani, ɗaya ta gaji sikeli, kuma yankin yana bukatar su duka biyun.

Shekarun da tauraron Funtuwa ya fi haskawa su ne daga 1975 zuwa 1986. A 1975 aka fara aikin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga ukun farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Aikin ya game ƙasashen Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. An yi hanyoyin karkara, an gina cibiyoyin sayar da taki da iri a ƙauyuka, an haƙa ƙananan madatsun ruwa, an baza malaman gona. A 1977, da gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin cinikin amfanin gona, ta kai ta koko Ibadan, ta gyaɗa Kano, ta hatsi Minna, ta auduga kuwa aka kawo hedikwatarta Funtuwa. Wato a wannan gari ake yanke shawarar audugar Nijeriya baki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka kafa masaƙar Funtuwa, abin da ya sa a karo na farko tun zuwan Turawa, audugar yankin ta sami injin da zai mai da ita yadi a gida.

Amma aikin Bankin Duniya ya bar gado iri biyu. Na farko shi ne masara. Kafin lokacin, masara abar bayan gida ce, a gasa a ci a lokacin damina. Da takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri suka samu, sai ta fita fili ta zama amfanin sayarwa, har ta kai kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtuwa suna ciyar da garuruwan da ba su taɓa jin sunansu ba. Manomi ya yi lissafi: masara in ba ta yi kuɗi ba za a ci, auduga kuwa ba a tuƙa tuwo da ita, ga yawan feshi, ga wahalar tsinka. Sannu a hankali masara, daga baya kuma waken soya, suka cinye gonakin auduga. Gado na biyu shi ne wanda manazarta da dama suka yi ta nuni da shi tun a lokacin: tsarin ya fi karkata ga manyan manoma da masu hanya, waɗanda suka fi samun taki da tarakta da bashi, ƙaramin manomi kuwa sau da yawa ya ƙare a ƙwadago a gonar wani.

Sai 1986 ta zo. A ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Ba zan ce hukumar ba ta da laifi ba, domin manoma sun daɗe suna kukan farashin da take yankawa ya yi ƙasa. Sai dai ita ce ke tabbatar da cewa irin da aka raba tsarkakakke ne, ita ke tantance lamba, ita ke sa a tuge karan auduga a ƙone bayan kaka don kashe tsutsa. Da aka rushe ta ba a ɗora wa kowa wannan aiki ba. Iri ya cakuɗe, 'yan baranda suka cika fuloti, aka shiga zuba auduga a buhunan leda waɗanda zarensu ke shiga cikinta ya ɓata ta a wurin rini, darajar audugarmu ta faɗi a idon masu saye. Ta ɗaya gefen kuma masaƙun da ke sayenta suka fara durƙushewa saboda rashin wutar lantarki, da tsadar man injin, da yadin da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta tsaya a 2007. Jirgin ƙasa ma ya daina zuwa, ciyawa ta rufe layin. Cikin shekara ashirin, ƙafafu ukun da garin ya tsaya a kai, wato auduga da jirgi da hukuma, duk suka raunana.

A tsakiyar wannan ne aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Funtuwa, wadda ke da ɗan taƙi zuwa Zariya, ta wayi gari babban birnin jiharta yana nesa da ita da kusan kilomita 200. Ƙorafin nisa da gwamnati, wanda ya haifar da neman Jihar Karaɗuwa, yana da tushe a nan, ko da mutum bai yarda cewa sabuwar jiha ce maganin ba.

Bari in ɗauki mai karatu zuwa wani gari a arewacin Italiya, domin akwai abin dubawa a can. Sunansa Biyella, yana gindin tsaunukan Alps, tsakanin Turin da Milan, kuma mutanensa ba su kai 50,000 ba, wato bai kama ƙafar Funtuwa ba, wadda ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarta fiye da mutum 200,000. Sana'ar Biyella saƙar ulu ce tun ɗaruruwan shekaru, saboda ruwan da ke gangarowa daga tsaunuka yana da kyau wajen wanke gashin tumaki da rina shi. A farkon ƙarni na 19 suka shigo da injina, kuma a 1910 aka kafa kamfanin Zegna a wani ƙauye na lardin mai suna Trivero. Su ma guguwar kaya masu araha daga Asiya ta buge su, masaƙu da yawa sun rufe, dubban ma'aikata sun rasa aiki. Waɗanda suka tsira sun tsira ne da ƙwarewa: suka bar gasar araha, suka koma yin yadin da babu mai iya yin irinsa. Suna da makarantun koyon aikin saƙa, sun mai da wasu tsofaffin masaƙu gidajen tarihi, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mafi yawan ulun da Biyella ke saƙawa ba nata ba ne, daga Ostireliya da wasu ƙasashe ake kawo shi. Ba su da gashin, suna da hannun. Mu kuwa muna da audugar, hannun ne muka saki. A tuna lissafin Maska, inda mutum shida ko bakwai ke ci daga ƙulli ɗaya. Tsarin BCGA ya rage su zuwa biyu, mai noma da mai gurza, sauran biyar ɗin suka koma Lankasha. Arzikin da Funtuwa ta gani a zamanin auduga na gaske ne, amma arzikin mai tsaron ƙofa ne, wanda kaya ke wucewa ta gabansa. Ranar da kayan suka canza hanya, sai ya tashi da hannu wofi.

Yau ga sabuwar jarrabawa. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, waɗanda su ne rumbun da ke cika kasuwar Funtuwa, sun shekara da shekaru a hannun 'yan bindiga. Duniya ta ji labarin ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disambar 2020, amma ba ta jin labarin manomin da ya bar gonarsa ta gado saboda ba zai iya biyan kuɗin da aka yanka masa kafin ya girbe ba. Hanyar Birnin Gwari, wadda direbobin garin suka ci abinci a kanta, ta zama abin tsoro na tsawon lokaci. Mutanen ƙauye suna ta kwarara cikin gari, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa da kangwaye. Garin da baƙi suka gina ya karɓe su, kamar yadda ya saba, sai dai baƙin farko sun zo ne da jari da sana'a suka tarar da aiki na jiransu, na yanzu kuwa sun zo da 'ya'ya da tabarma, babu injin da ke neman hannunsu.

A watan Mayun 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa, domin ɗan kasuwa ya iya kammala takardun fito da na kwastan a nan, ba sai ya je Legas ba. Abin farin ciki ne, kuma ya dace da tarihin garin. Amma tambaya biyu na nan. Tashar tudu da jirgin ƙasa take rayuwa, to yaushe layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda zai farfaɗo? Sannan me za mu loda a cikin kwantenonin? Idan ɗanyen waken soya ne da ɗanyar auduga za su fita, yadi da man girki su shigo, to mun sake gina Bisije ne da sabon fenti.

Ga abin da nake gani. Na farko, tsaro, domin ba a maganar noma da wanda ba zai iya kwana a ƙauyensa ba. Na biyu, iri da tantancewa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan kusa, ta daɗe tana fitar da irin auduga, abin da ya ɓace shi ne amintacciyar hanyar da irin zai bi ya isa hannun manomi ba tare da an gauraya shi ba, da kuma wanda zai tsaya a fuloti ya raba mai kyau da marar kyau. Ƙungiyoyin manoma da masu injinan gurza za su iya ɗaukar wannan nauyi tare, in gwamnatin jiha ta ba su doka da goyon baya. Na uku, a dawo da hannayen nan da suka ɓace: matse angurya a fitar da mai da abincin dabbobi, kaɗi, saƙa, rini, ɗinki. Jihar da ke da ɗalibai masu ɗimbin yawa a makarantun gwamnati, da asibitoci masu bukatar zannuwan gado, tana da kasuwar da za ta riƙe masaƙa, in ta ga dama ta sayi na gida. Makarantun fasaha na yankin kuma su koyar da gyaran injin saƙa da na gurza kamar yadda suke koyar da kwamfuta.

Na huɗu ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi gaggawa. Dattawan da suka yi aiki a injin gurza, da malaman auduga, da ma'aikatan tashar jirgi, da matan da suka san kaɗi da mazari, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibanmu na tarihi da na Hausa da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga shi a ƙofar gidansu, wayar da ke aljihunsu ta isa ɗaukar murya. Tsohuwar tashar jirgi da gine-ginen zamanin BCGA da na Daudawa, a hana rushe su, a keɓe ko da ɗaki ɗaya ne a ajiye sikeli da hotuna da takardu, yaran makaranta su riƙa zuwa suna gani. Masu kuɗin garin, waɗanda ba su da kaɗan, wannan ba zai gagare su ba.

Kakannin mutanen Funtuwa sun taru ne saboda akwai abin yi. Ranar da babu shi, jikokinsu za su hau motocin da ke wucewa ta tsakiyar garin su tafi neman sa a wani wuri, kuma da yawa sun riga sun fara. Ƙasar laka tana nan, ruwan sama bai daina sauka ba, hanyoyin ma ba su tashi daga inda suke ba. Saura mu yanke shawarar ko audugar da za a tsinka a kaka mai zuwa za ta bar garin a dila, ko a ɗinke.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.